Fulogi a Bakin Zanin Hulda

Gershon mai faci ya yi shekaru a bakin tashar motocin kaya ta Kafanchan, ƙarƙashin wani mangwaro, da injin iskarsa da gejinsa na awon iska da bahon ruwan da yake gwada tayoyi a ciki. Direbobi sun san shi da hali ɗaya: ba ya ba taya iska sai ya tambayi inda za ta da abin da za ta ɗauka. In mota yawon cikin gari za ta yi ba kaya, iskarta daban. In citta za ta ɗauko daga Kwoi, ko wata motar za ta ja, sai ya ƙara wa tayoyin baya, ya kuma ce a zo masa da safe tun taya na da sanyi, don taya mai zafi ba ta gaya wa geji gaskiya. Wasu tambayoyin na ba su haushi, har suna kiransa likita. Amma dai suna dawowa.

Matarsa Hulda tana dafa shinkafa da wake a gefen rumfarsa. Ba mai yawan magana ba ce. Tana zuba abinci, kunnenta na ɗaukar abin da ake faɗa, ba ta kuma mantuwa.

Cikin masu zuwa akwai Dickson, mai wata motar kaya shuɗiya ƙirar Kanta, ɗan ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarsu. Wata safiya ya zo ya ce Kwoi za shi. Gershon ya sa masa iskar kaya, ya nuna masa gejin, ya tafi. A can ya loda citta har buhuna suka wuce kan mota. Mai cittar, Zipora, matar ƙanen mahaifinsa ce, tana zaune a gaba kusa da shi. A kan hanyar dawowa, a wani gangare, tayar baya ta waje ta fashe, ta cikin ta bi ta, motar ta kwanta a kwari. Dickson ya fito da ƙujewa kawai. Zipora kuwa ƙafarta ta karye, tun daga ranar ba ta sake tafiya ba sai da sanda.

Kafin a sallame ta daga asibiti, labari ya riga ya gama gari, kuma daga bakin Dickson ya fito. Ya ce Gershon ne ya cika masa iska fiye da kima, gejinsa ya daɗe da lalacewa. Da ya ga mutane suna ɗan jinjina kai, sai ya ƙara da cewa ya ji warin burkutu a bakinsa a safiyar. Gershon bai taɓa sa burkutu a baki ba tun da aka yi masa baftisma. Amma ɗan dattijo ne ya faɗa, ga kuma mace kwance da karaya. 'Yan ƙungiyar tasha suka ce ya kwashe kayansa daga gindin mangwaron. Dattawan ikilisiya suka zauna suka sa shi a horo: ya koma bencin ƙarshe na baya, ba cin jibin Ubangiji, ba shiga cikin mawaƙa, sai ranar da ya amsa laifinsa. Shi kuma ya ce ba zai amsa abin da bai yi ba.

Ba wanda ya ce Hulda ta koma baya. Ita ta ninke zanin Zumuntar Mata ta sa a ƙasan akwati, ta bi mijinta bencin ƙarshe, inda rufin ke ɗiga da damina.

Suka nemi wuri har suka samu a wata mararraba a kan hanyar Kwoi, inda turbar ƙauyukan manoman citta ta fito ta haɗu da kwalta. Ba kowa a wurin sai 'yan acaba masu jiran fasinja da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Kullum da safe su fito daga Kafanchan, da yamma su koma. Gershon ya kafa injinsa, Hulda ta koma gasa masara.

Sau ɗaya Hulda ta je gaida Zipora a gida. Da can tare suke zama a Zumunta, Zipora na buga tulu, ita tana kaɗa gora. Ta same ta a tabarma, ƙafa a miƙe. Suka gaisa, Hulda ta zauna, ta bar ta tana ba da labarin ranar kamar yadda mai ciwo kan yi wa duk wanda ya shigo. Zipora ta ce ranar zafi ne sosai. Ta ce da suka tsaya a gindin gada, Dickson ya sauka ya taɓa tayoyin ya ce sun yi zafi kamar kasko, ya ciro ƙusa daga aljihu ya durƙusa yana rage musu... Nan ta tsaya. Ta dubi ƙofa, inda surukarta ke tankaɗe. Sai ta tambayi Hulda yaya yara.

Hulda ta ce yara lafiya. Ta sha ruwan da aka kawo mata, ta yi sallama.

Da yamma ta tambayi mijinta abin da kan faru in direba ya rage wa taya iska tana da zafi, ga kaya a kai. Gershon ya ce taya in ta yi tafiya da nauyi dole ta yi zafi, iskar cikinta ta ɗan hau, kuma ba komai, don haka aka yi ta. Amma direba in ya tsorata ya rage, sai tayar ta kwanta, gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da kake lanƙwasawa don ka karya. Zafin sai ya ninka, can gaba ta tarwatse. Yana cikin bayanin ya gane dalilin tambayar.

Ta ce su je wurin dattawa. Ya ce Zipora a gidan su Dickson take aure, a can take ci, ba za ta maimaita wannan maganar a gaban kowa ba. Ya ce a bar wa Ubangiji.

"Na bar masa, Baban Bernice," in ji ta. "Amma in ya kawo mini Dickson har gabana, ba zan kau da kai ba."

Damina ta wuce, wata ta zo. A tsakanin nan Hulda ta koyi mararrabar kamar yadda ta koyi tasha. Ta ga yadda turbar ƙauyukan kan zama laka da zarar ruwa ya yi nisa. Ta ga duk direban da zai shiga da mota mai nauyi sai ya rage wa tayoyinsa iska sosai, don su baje su kama ƙasa, in ba haka ba ya kafe. In ya fito kwalta kuma, dole ya tsaya a mayar masa da iskar kafin ya kama hanya. Babu wani mai faci kusa, sai can Kwoi ko Kafanchan. Da wannan Gershon yake samun abin cefane. Dickson kaɗai ne ba ya shiga turbar da damina. Ya san wanda ke zaune a bakinta.

Wata Asabar da safe bas ɗin ikilisiyarsu ta zo ta wuce, cike da matan Zumunta cikin zani iri ɗaya, suna waƙa suna buga tulu. Taro za su a wani ƙauye can ciki. Wasu suka ɗaga wa Hulda hannu, wasu suka yi kamar suna gyara ɗankwali. A kujerar gaba ta hango Mama Faustina, shugabar Zumunta, tsohuwar malamar makaranta wadda ko fasto yana shakkar bakinta. Kusa da ita Zipora ce, sandarta a tsakanin ƙafafu.

Da rana ruwa ya sauka mai ƙarfi. Da ya ɗauke, wani ɗan acaba ya fito daga turbar, laka har gwiwa. Ya ce bas ɗin matan ta nutse a bayan rafi a hanyar dawowa, ruwa ya shiga injin, ta mutu. Wurin ba sabis, shi ya sa Mama Faustina ta aiko shi bakin titi ya kira wanda zai ja su. Ya tambayi Gershon ko ya san wani mai janwe.

Gershon bai buɗe baki ba Hulda ta amsa. Ta ce janwe tsada gare shi, kuma ba zai zo yau ba. Ta ce ga ɗan ikilisiya mai mota mai ƙarfi, Dickson, innarsa ma tana cikin bas ɗin, ba yadda zai ƙi. Lambarsa tana rubuce a ƙofar Kantar, ita kuma ta sha ganinta tana wucewa. Ta karanta wa ɗan acaban ita da ka.

Gershon ya dube ta. Ta juya masararta a kan garwashi.

Dickson ya iso da sarƙa a bayan mota. Bai kalli rumfar su Gershon ba. Ya wuce su, ya shiga turbar kaɗan, ya tsaya, suna jin tsiyayar iska yana ragewa taya bayan taya. Da ƙarar motar ta ɓace, Gershon ya zaga bayan daji. Hulda ta tashi ta ɗauki sifana, ta cire hular fulogin injin iskar, ta kwance fulogin, ta mayar da hular yadda take. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, inda take ƙulle canji, ta koma ta zauna.

Rana ta yi sanyi kafin su fito. Kantar ce a gaba tana nishi, rabin matan a tsaye a bayanta sun riƙe juna, bas ɗin na biye a sarƙa da sauran matan da direbanta yana riƙe da sitiyari. Laka ta rufe komai. Da suka hau kwalta sai tayoyin bayan Kantar suka bayyana, sun kwanta sun baje kamar kwaɗon da aka taka. Gabas kuma wani hadarin ya sake haɗowa.

Dickson bai zo neman iska da kansa ba. Direban bas ɗin ya turo. Gershon ya tashi ya jawo tiyo, ya naɗa igiyar injin ya fizga. Igiyar ta zo masa sakayau. Ya sake fizga. Ya ɗaga hular fulogin, ya ga rami. Ya juya a hankali.

"Yana wurina," in ji Hulda.

Matan sun fara saukowa suna miƙe ƙafa. Mama Faustina ta ƙaraso tana kakkaɓe zani, ta gaishe su, ta tambayi abin da ya hana injin tashi. Hulda ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi taro, sannan ta ce injin lafiyarsa ƙalau. Ita ce dai ba ta yarda mijinta ya sake taɓa tayar wannan motar ba. Ta ce mashayi ne, gejinsa kuma ya lalace, duk wanda ke wurin ya ji an faɗa. Ta ce wancan karon mace ɗaya ya nakasa, yau ga mata cike da mota biyu, ita ba za ta ɗauki alhakinsu ba.

Wata daga baya ta ce, "Kai, Hulda, ki ji tsoron Allah mana, akwai masu goyo a nan."

"Shi nake ji, Anti. Shi ya sa."

Sai a nan Dickson ya matso, yana murmushin da bai kai ido ba. Ya kira ta Maman Bernice, ya ce maganar da ta wuce ta wuce, yanzu ba lokacinta ba ne. Ya ce zai biya ninki. Ta ce masara kaɗai take sayarwa. Ya juya wurin Gershon ya ce, Oga Gershon, kai ne maigida ko ita? Gershon ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ce shi dai injinsa ba fulogi.

Dickson ya ce a tura ɗan acaba ya nemo famfon hannu. Direban bas ya yi dariya, ya ce tayoyin Kanta da famfon keke, sai dai su yi sujadar gobe a nan. Mama Faustina ta dubi sama, ta dubi Dickson, ta ce to me zai hana ya ja su a hankali haka nan har Kafanchan, tunda tayoyin ba su kai ƙasa ba.

"Mama, ba zai yiwu ba," in ji shi. "Taya ba iska, ga mutane a baya, ga bas ina ja, ga gangare. Za ta yi zafi ta fashe kafin mu yi nisa. Taya mai laushi da kaya ai kabari ne."

Hulda ta ajiye mafici. "Sake faɗa, Dickson. Na bayanka ba su ji ba."

Hulda ta matso kusa da shi.

"Ashe ƙarancin iska yana fasa taya? Mu abin da aka gaya mana a coci, yawan iska ne." Ba ta ɗaga murya ba. "Yau da me ka rage? Da ƙusar nan ta aljihunka? Ita ce ta gindin gada, ko ka sake sabuwa?"

Hannunsa ya kai aljihun gaban rigarsa kafin ya tuna ana kallonsa. Ya sauke. Ya ce shi bai san wata gada ba, ya ce matar nan ɓacin rai ya taɓa mata kai. Ya ce duk direba yana da ƙusa.

Hulda ba ta ƙara kallonsa ba. Ta taka zuwa bas ɗin, matan suna buɗa mata hanya, ta tsaya a tagar gaba. Zipora ba ta sauko ba saboda ƙafar. Tulun nata yana kan cinyarta, ta rungume shi.

"Zipora, na sha ruwa a gidanki, kin fara mini wata magana ba ki ƙarasa ba. Ban tona ki ba. Ina bencin baya ina kallon ƙeyarki kowace Lahadi, ina jira. Yau ki ƙarasa, ko mu kwana a nan gaba ɗaya. Ni na saba da wurin."

Dickson ya ce, Mama Zipora, kada ki kula ta. Mama Faustina ta ce masa ya rufe baki, da manya ake magana. Ta zo ta tsaya kusa da Hulda, ta ce wa Zipora sun fito daga taro yanzu-yanzu, ita da bakinta ta yi waƙar gaskiya tana buga tulu. In akwai magana ta faɗa, in babu ta ce babu.

Sannan Zipora ta yi magana, idonta a kan tulun. Ta ce Dickson ya tsaya a gindin gada. Ta ce ya rage wa tayoyin baya duka, har ta tambaye shi, ya ce zafi ya yi musu yawa. Ta ce a asibiti mahaifinsa ya zo ya ce mata maganar gida a gida take tsayawa. Ta ce ita ba ta taɓa jin Gershon da warin komai ba sai na roba.

Ba a yi ihu ba. Wata tsohuwa ta tafa hannu sau ɗaya ta riƙe haɓa. Dickson ya fara cewa ai kowa yana yin haka, shi bai san za ta fashe ba, tsoron 'yan sanda ne da na dangi ya sa, kuma maganar burkutun ba haka ya faɗa ba, mutane ne suka ƙara gishiri. Matan da suka ji da kunnensu suna wurin, suka gaya masa ranar da wurin da rigar da ke jikinsa.

Mama Faustina ta ce to, gaskiya ta fito, Hulda ta kawo fulogin, hadari na kansu.

Hulda ta ce tukuna. Ta ce ba a mararraba aka ɓata sunan mijinta ba, gaban bagade aka karanta horonsa, yara da baƙi suna ji. A can za a wanke shi. Gobe, lokacin sanarwa, da bakin Dickson, yana tsaye. Ta ce alkawarinsa ba ya mata amfani, na Mama take so.

Mama Faustina ta ce ita ta ɗauka. In bai tashi ba, Zumunta gaba ɗaya za ta tashi a madadinsa, kuma ba zai so yadda za su faɗa ba.

Hulda ta kwance bakin zaninta ta miƙa wa mijinta. Gershon ya ɗaura fulogin, fizga ɗaya injin ya tashi. Ya durƙusa gaban tayar farko, ya ɗora tafin hannu a kanta, ya ce ta huce, tsayuwar da aka yi ta yi amfani. Sannan, kamar kullum, ya tambayi inda motar za ta da abin da za ta ɗauka. Dickson ya ce ai yana gani. Gershon ya ce yana so ya ji.

"Kafanchan. Da mutane. Ina jan bas."

Ya cika wa na baya iskar kaya, ciki da waje, na gaba ya bar su ƙasa da haka kaɗan. Kowace taya ya gama sai ya ɗaga gejin ya nuna wa Mama Faustina, ba Dickson ba. Ya duba na bas ɗin ma, ya ce in sun sauke mutane an kwance sarƙa, gobe da safe a rage wa na bayan Kantar zuwa iskar yawon gari. A hanya kuwa, ko sun yi zafi kamar wuta, kada wanda ya taɓa su. Da Dickson ya zaro kuɗi, Hulda ta ce ya bar su a aljihu, ta miƙa hannu ta ce ƙusar take so. Ya ba ta. Ta ƙulle ta a inda fulogin ya fito.

Da motocin za su tashi, Zipora ta kira sunanta ta taga. Hulda tana kwashe garwashi saboda yayyafin da ya fara, ba ta ɗago ba.

Washegari cocin ya cika tun kafin waƙar farko, har da 'yan tasha da rabonsu da sujada tun Kirsimeti. Mama Faustina ta aiko a ce wa Hulda ta ɗauro zanin Zumunta ta dawo gaba. Ta ce ba yau ba. Ta zauna kusa da mijinta a bencin ƙarshe, ƙarƙashin wurin da ke ɗiga. Mahaifin Dickson yana kujerar dattawa, ya sunkuyar da kai cikin littafin waƙoƙi.

Lokacin sanarwa ya yi. Aka karanta ta aikin gayya da ta taron matasa. Sai fasto ya ce wani ɗan'uwa yana da magana. Dickson ya tashi ya je gaba. Aka miƙa masa makirfo, ya riƙe shi can ƙasa wajen cikinsa, ya fara magana da sauri yana kallon takalminsa. Na layin gaba kaɗai ke jin wani abu. Gershon ya taɓa hannun matarsa, ya ce mata a hankali ya isa haka.

Hulda ta miƙe tsaye.

"Fasto, a yi haƙuri," in ji ta. "Mu nan baya ba ma ji. Ya ɗaga abin zuwa bakinsa, ya fara daga farko, daga gindin gada."